Kiwon jatan lande na ado: Yadda za ka zaɓi matatar ruwan da ba za ta cinye maka 'ya'ya ba

 A wannan makon za mu leƙa wani kiwo ne da ba ya buƙatar garke ko dusa ko harawa, wato kiwon ƙananan jatan lande na ado a cikin akwatin gilashi. Wataƙila kai ma ka taɓa cin karo da su a TikTok ko YouTube, wasu 'yan jajayen halittu da tsawonsu bai kai gaɓa biyu na yatsa ba, suna ta tsince-tsince a kan ganye cikin ruwa garai-garai. Ba na ci ba ne, na kallo ne da sayarwa ga masu sha'awa.

To, ka ɗauka ka tara 'yan kuɗinka ka sayi akwatin, ka samo jatan lande goma, ka kuma sayi injin tace ruwa mafi ƙarfi da aljihunka zai iya, don mai kanti ya ce maka shi ne mai kyau. Bayan 'yan makonni sai ka hango mace guda ta ɗauko ƙwai a ƙarƙashin cikinta, tana ta yi musu fifita da ƙananan ƙafafunta. Murna ta kama ka, har ka ɗauki hoto ka tura wa abokai. Ka jira mako uku zuwa huɗu. Wata safiya ka duba, ƙwan babu, ta ƙyanƙyashe. Ka zura ido kana neman 'ya'ya, kwana ɗaya, kwana biyu, mako guda, shiru. Ba gawa, ba mai rai. Sai ranar da ka buɗe injin nan za ka wanke, ka tarar da abin da ya rage nasu a cikin audugarsa.

Wannan asarar ta ci sababbin masu kiwo da yawa a duniya, kuma abin takaicin shi ne ba ta da ƙara. Ruwa fes, iyaye lafiya lau, amma adadi ba ya ƙaruwa. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Saboda haka kafin ka kai kuɗinka kanti, ɗan uwa ko 'yar uwa, ga abin da ya kamata ka sani.

Fara da sanin mafi ƙanƙanta a cikin akwatin

Jatan landen da aka fi kiwo don ado shi ne wanda masana ke kira Neocaridina davidi. Asalinsa daga ƙoramun Taiwan ne da wasu sassan ƙasar Sin. A dawa launinsa kamar ƙasa-ƙasa yake, masu kiwo ne suka yi ta zaɓe shekara da shekaru har aka samu ja da ruwan ɗorawa da shuɗi da baƙi. Babbansa yakan kai kimanin santimita 3, yana rayuwa shekara ɗaya zuwa biyu, mace kuma takan ɗauki ƙwai 20 zuwa 30 a lokaci guda.

Abin da ya sa yake da daɗin kiwo shi ne 'ya'yansa ba sa bi ta matakin tsutsa. Suna fitowa daga ƙwai da siffar iyayensu sak, sai dai tsawonsu bai wuce milimita 2 ba, siraran gaske, kusan ana ganin ruwa ta jikinsu. Ba su da ƙarfin iyo. A kwanakin farko ba sa yin nisa, suna maƙale ne a jikin ganye ko gilashi ko dutse suna kalato. Duk wata kafa da ke zuƙar ruwa da ƙarfi, in suka gitta ta wurin, sun tafi ke nan.

Haka su ma manyan suna da lokacin rauni. Jatan lande yana saɓa kamar yadda maciji ke yi, yana tuɓe tsohon ɓawonsa don ya ƙara girma. Bayan saɓar jikinsa yakan yi laushi na wani ɗan lokaci, ƙarfinsa ya ragu, in ruwa na gudu da ƙarfi sai ya riƙa wurgi da shi ko ya manna shi a bakin inji.

Don haka ma'aunin da za ka riƙe shi ne wannan: matatar da za ka saya, ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya zai iya zama a kanta lafiya? In amsar a'a ce, komai tsadarta da kyan kwalinta, ba taka ba ce.

Mene ne ma aikin matatar?

Mutane da yawa sun ɗauka aikin matata, wadda masu kanti ke kira filta, shi ne kwashe dattin da ido ke gani. Wannan shi ne ƙaramin aikinta. Babban aikin a ɓoye yake. Kashin jatan lande da ragowar abinci da ruɓaɓɓen ganye duk suna fitar da sinadarin amoniya, wanda guba ne ko da kaɗan ne. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a jikin abubuwan da ruwa ke bi ta kansu. Rukuni na farko yana juya amoniya zuwa naitirait, shi ma guba ne. Rukuni na biyu yana juya naitirait zuwa naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta na farkon ba, tsirrai suna shan sa, kai ma kana rage shi in ka canza wani ɓangare na ruwan.

Ka ga ke nan matata gida ce ta waɗannan ƙwayoyin. Abin da suke buƙata wurin maƙalewa ne mai yalwa, da ruwa mai iskar oksijin da ke wucewa ta kansu a hankali ba tare da yankewa ba. Ba sa buƙatar guguwa. Shi kuma jatan lande ba ya yin kashi da yawa in ka kwatanta da kifi. Wanda ya saba da kiwon tarwaɗa, inda ake zubar da ruwa a zuba sabo saboda yawan ƙazanta, to ya ajiye wannan tunanin a gefe. A nan, babban inji da yawan sauya ruwa gaba ɗaya sun fi yin ɓarna a kan gyara.

Matatar soso: mai araha, kuma ita ce gaba

Hausawa na cewa araha ba ta ado, amma a wannan harkar mai arahar ce ta yi zarra. Matatar soso ba wani abu ba ne illa dunƙulen soso mai ƙananan ƙofofi da bututu a tsakiyarsa, ana ajiye shi cikin akwatin. Wani ɗan injin hura iska da ke waje yana turo iska ta siririyar mesa zuwa gindin bututun. Ƙwayoyin iskar suna tashi sama, suna jan ruwa tare da su, sabon ruwa kuma yana shiga ta duk jikin soson don ya maye gurbi.

Amfanin wannan tsarin a bayyane yake. Na farko, babu farfela a cikin ruwa, don haka babu abin da zai niƙe kowa. Na biyu, zuƙar ta watsu a duk faɗin soson, ba ta taru a kafa ɗaya ba, shi ya sa ɗan jariri zai iya tafiya a kai ya sauka yadda ya ga dama. Na uku, jikin soson yana tara ɓarɓashin abinci da wani santsi-santsi na ƙananan halittu da ke fitowa a kan duk abin da ya daɗe cikin ruwa. Wannan santsin shi ne abincin farko na 'ya'yan. In ka ga akwatin da ya zauna da kyau, za ka tarar da su dandazo a kan soson suna kiwo dare da rana. Na huɗu, ƙwayoyin iskar da ke fashewa a sama suna motsa saman ruwan, ta nan ne oksijin ke shiga.

Wajen saye ka duba girman ƙofofin soson. Ana auna su ne da yawan ƙofofi a kowane inci. Mai 10 ko 20 ƙofofinsa manya ne, ƙananan za su iya kutsawa ciki. Mai 45 zuwa sama yana saurin toshewa. Mai kimanin 30 shi ne tsaka-tsaki da masu kiwo da yawa suka fi so. In ka samu irin mai kai biyu, wato soso biyu a jikin bututu ɗaya, ya fi, za ka ji dalili a gaba. Ga akwati mai cin lita 20 zuwa 40, matatar soso guda ta isa. Ka sa ɗan makunnin rage iska a jikin mesar, ka daidaita har sai ka ga ƙwayoyin iskar suna tashi a jere ba tare da ruwan yana tafasa kamar tukunya ba.

Aibinta? Tana cin wuri, ba ta da kyan gani, kuma injin iskar yana ɗan gurnani da dare. Ka ɗora shi a kan ninkakken tawul, ƙarar za ta ragu. Soson kuma ka ɓoye shi a bayan tsirrai.

Akwai babbar yayarta da Jamusawa suka shahara da ita, wadda ake danganta sunanta da birnin Hamburg. Ita wannan faffaɗan soso ne mai kaurin santimita 3 zuwa 5 da ake tsayarwa ya tare gefe ɗaya na akwatin ko kusurwa guda tun daga ƙasa har sama. Ana ɗebo ruwa daga bayansa a zubo gaba, ruwan kuma ya koma baya ta cikin soson a hankali. Saboda faɗinsa yakan yi watanni da yawa bai nemi wanki ba. In za ka yi irin wannan, ka tabbata soson ya matse da gilashin ta ko'ina, don in akwai 'yar kafa ƙananan za su zagaya baya.

Masu farfela: in dole ne, a sa musu takunkumi

Sauran matatun da za ka tarar a kasuwa galibi na kifi ne, kuma duk suna aiki da farfela. Akwai wadda ake ratayawa a bayan akwati, tana zuƙo ruwa ta bututu ta mayar da shi kamar 'yar ƙorama. Akwai mai kama da tukunya da ake ajiyewa a ƙasan tebur da mesa biyu, ɗaya ta kai ruwa ɗaya ta dawo da shi. Akwai kuma wadda ake nutsarwa gaba ɗaya cikin ruwa a manna ta da gilashi.

Biyun farko ana iya gyara su. Abin da ake yi shi ne a sa wa bakin zuƙar hular soso mai ƙananan ƙofofi, ko ragar ƙarfe mai laushi wadda ba ta tsatsa, irin da ake yi musamman don jatan lande. Hular soso ta fi, don ita ma tana zama wurin kiwo. Amma ka sani hular tana toshewa da sauri, in ta toshe ruwa ya daina gudu sosai, farfela ta riƙa wahala. Sai ka riƙa cire ta kana matsewa duk mako. Kuma ka kashe injin kafin ka cire, don 'yan daƙiƙun da bakin zai zauna a buɗe sun isa a yi asara. Sannan ka rage ƙarfin ruwan da ke dawowa, ko ka juya bakinsa ya riƙa dukan gilashi. Alamar da za ka gane ƙarfin ya yi yawa ita ce ka ga jatan landen sun tattare a kusurwa guda, ko ganye yana kwanciya gefe ɗaya kullum.

Ta ukun, wato mai nutsewa cikin ruwa, ita ce mafi haɗari, kuma abin haushi ita aka fi haɗa wa mutum da ƙaramin akwati in ya saya. Tsagoginta suna da faɗi, farfelarta tana kusa, ga shi injinta yana cikin ruwan yana ƙara masa ɗumi. Ka bar wa masu kifi abinsu.

Akwai wata tsohuwar hanya kuma, ta faranti mai ƙofofi da ake binnewa a ƙarƙashin tsakuwa, ruwa ya riƙa ratsa tsakuwar yana sauka. Ba ta zuƙe 'ya'ya, kuma masu kiwo a Japan da Taiwan suna amfani da ita. Sai dai in datti ya taru a ƙasa, gyaranta sai an tayar da akwatin gaba ɗaya. Ga wanda yake farawa, soso ya fi sauƙi.

Kada ka ce za ka yi dabara da kayan gida

Na san halinmu, da an ce soso sai wani ya ce ai akwai na wanke-wanke a kicin, ko ya yanko kumfar tsohuwar katifa. Kar ka fara. Ana sa wa wasu sosunan wanke-wanke sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ita kuma katifa ba a yi ta don ruwa ya ratsa ba, kuma ba ka san abin da aka haɗa ta da shi ba. Ka nemi soson da aka yi don akwatin kifi.

Mafi muni shi ne gidan sauro. In aka ce a rufe bakin inji da raga, abin da zai fara zuwa ran mutum shi ne ya yanki gefen gidan sauro. To irin wanda ake rabawa don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro an jiƙa zarensa da maganin kashe ƙwari. Jatan lande kuwa dangin ƙwari ne na nesa, abin da ke kashe sauro yana kashe shi, da ƙanƙanin adadi ma. Ɗan ƙyalle guda zai iya share maka akwati kaf. In gaggawa ce, sabuwar safar mata mai shara-shara da aka ɗauraye da ruwa zalla ba sabulu za ta riƙe ka na ɗan lokaci.

Wannan maganar ta shafi iskar ɗakin ma. Ka tuna injin hura iska yana ɗibar iskar ɗakinka ne yana turawa cikin ruwan. In ka fesa maganin sauro ko fiya-fiya, ko ka kunna igiyar leƙo, to kai tsaye ka aika musu. Abin da ya fi shi ne akwatin ya zauna a ɗakin da ba a feshi, kai kuma ka kwana cikin gidan sauronka, ka wanke hannu kafin ka tsoma shi cikin ruwan. Haka nan ka kiyayi magungunan kifi masu sinadarin tagulla, su ma guba ne gare su.

Ranar da aka ɗauke wuta

Yawancin bidiyon da kake kallo an yi su ne a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Mu kuwa dole mu tambayi kanmu, in injin ya tsaya awa shida ko goma, me zai faru?

A nan ma soso ya yi gaba. Matata mai tukunya a rufe take ruf. Da zarar ruwa ya daina zagayawa, bakteriyar da ke ciki za su shanye oksijin ɗin da ya rage cikin 'yan awanni, su fara mutuwa, ruwan ciki ya lalace. Wuta na dawowa injin ya tashi ya juye wannan gurɓataccen ruwan cikin akwatin, wataƙila kana barci ko kana makaranta. Shi kuwa soso yana zaune ne a tsakiyar ruwan akwatin, ko iska ta tsaya bai rabu da oksijin ɗin da ke ruwan ba, don haka ya fi jurewa.

Ga kuma sauƙin wuta. Ƙaramin injin iska yana cin wat 2 zuwa 5 ne kawai. Akwai ma irin da ake jonawa da wayar cajin USB, mai cin kimanin wat 1. Fawa-bankin da aka rubuta masa 10,000 yana riƙe da kusan wat-awa 37, ka ga a lissafi zai iya jan irin wannan injin fiye da kwana guda. Sai dai wasu fawa-bankin suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, don haka ka gwada naka tun kafin ranar buƙata. Akwai kuma injinan iska masu batir a ciki da ke komawa kan batir da kansu in wuta ta tafi. In kana da sola a gida, ai ka huta.

Wani ɗan abu da ake mantawa: in injin iskar yana ƙasa da tsayin ruwan, wuta na ɗaukewa ruwa zai iya biyo mesa ya gangaro cikin injin, ya lalata shi, ya jiƙa maka ɗaki, ga haɗarin wutar lantarki. Ka ɗora injin sama da akwatin, ko ka sa ɗan makarin da ke barin iska ta wuce amma ya hana ruwa komowa. Ba shi da tsada.

Zafi shi ne ɗaya jarrabawar

Neocaridina ya fi jin daɗi a ruwa mai ɗumin digiri 18 zuwa 28 a ma'aunin Selshiyos. Daga 30 zuwa sama wahala ce. Kuma ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa: a digiri 20 lita guda tana riƙe kimanin miligiram 9, a digiri 30 kuwa ya sauko kusan 7.5. Ka kwatanta da watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin rana ke haura digiri 40. Shi ya sa matatar da ke hura iska, wadda injinta ke waje, ta fi dacewa da mu a kan wadda ke ƙara wa ruwa zafi.

Ka ajiye akwatin a ɗaki mafi sanyi, nesa da taga. Ƙaramar fanka da ke kaɗa saman ruwan tana iya sauke zafinsa da digiri 2 zuwa 3, ta irin hanyar da randa ke sanyaya ruwa, kuma busasshiyar iskarmu tana taimakawa. Ruwan zai riƙa raguwa, sai ka riƙa cikawa kaɗan-kaɗan da ruwa marar gishiri-gishiri. Amma gaskiyar magana, in ka sa ma'aunin zafi ka ga ruwan ɗakinka yana zama sama da 30 na tsawon makonni, ka dakata har ka samu mafita. Mutumin Jos ya fi na Sakkwato sa'a a nan. Kuma kada ka fara da nau'in Caridina mai ratsin ja da fari, wanda aka fito da shi a Japan. Yana da kyau matuƙa, amma yana son ruwa mai sanyi da laushi, ba ya yafe kuskure.

Sannu ba ta hana zuwa

Sabon soso fanko ne, babu bakteriya ko ɗaya a cikinsa. In ka haɗa akwati yau ka zuba jatan lande gobe, amoniya za ta taru ta kashe su, ka zo kana zargin mai sayarwa. Ka kunna matatar ta yi ta aiki mako 4 zuwa 6 babu kowa a ciki sai tsirrai, kana ɗan barbaɗa abincin kifi kaɗan lokaci-lokaci don bakteriyar su samu abin ci. Ka sayi kayan gwajin ruwa. Sai ka ga amoniya sifili, naitirait sifili, sannan ka kawo baƙinka. In kana da abokin da akwatinsa ke lafiya, ka roƙe shi ya matse maka tsohon sosonsa cikin ruwanka, hakan yana rage jira.

Tsirrai su ma matata ce ta biyu. Gansakukar Java tana ba ƙananan maɓoya da abinci. Kainuwa, wadda muka sani a tafkunanmu, saiwoyinta suna shan naitiret sosai, kuma 'ya'yan suna son maƙalewa a jiki. Sai dai in daga tafki ka ɗebo ta, ka ajiye ta a wani bokiti daban na 'yan makonni kana sauya ruwa, don tana iya zuwa da tsutsotsin ƙwari masu farauta ko ragowar maganin gona.

Wanki ba na sabulu ba ne

Soson da ya yi launin ƙasa ba lalacewa ya yi ba, aiki yake yi. Ba a wanke shi sai in ka ga ruwan da ke fita ta bututun ya ragu, wataƙila sau ɗaya a wata. In lokacin ya yi, ka ɗebi ruwan akwatin a farin bokiti, ka ɗago soson a hankali, ka girgiza shi cikin akwatin tukuna don masu kiwo a kai su sauka, sannan ka matse shi sau uku ko huɗu cikin bokitin ka mayar. Kada ka kai shi bakin famfo, sinadarin kilorin da ke ruwan famfo yana kashe bakteriyar da ka yi makonni kana reno. Kada ka nemi ya koma sabo fil, garin gyaran gira a rasa ido. In mai kai biyu ne, ka wanke ɗaya yau, ɗayan bayan mako biyu, ta haka kullum akwai rabin da ke aiki.

Kafin ka zubar da ruwan bokitin, ka bar shi ya kwanta, ka haska tocila ka duba. Sau da yawa za ka ga ƙanana suna motsi a ƙasa. Shi ya sa na ce farin bokiti. Haka in za ka canza ruwa, kashi 10 cikin 100 a mako ya isa, kuma mesar da kake zuƙa da ita ka rufe bakinta da soso, don ita ma bakin inji ce. Sabon ruwan ka sa masa maganin cire kilorin, ka bar shi ya yi ɗumi ɗaya da na akwatin, ka zuba sannu a hankali.

Ba kowane jatan lande ne ke bin wannan dokar ba

Kafin ka saya ka tambayi nau'in da ake sayar maka. Akwai wanda ake kira Amano, sunan Takashi Amano, ɗan Japan ɗin da ya yi fice wajen ƙawata akwatunan ruwa da tsirrai. Macensa tana ɗaukar ƙwai a ruwan daɗi, amma 'ya'yan tsutsotsi ne da ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. Komai kyan matatarka ba za ka ga sun yaɗu a akwatinka ba.

Akwai kuma namu na gida, Atya gabonensis, wanda ke rayuwa a kogunan Afirka ta Yamma har da Neja da Binuwai, kuma masu sha'awa a Turai da Amurka suna sayensa. Ƙato ne, yakan kai santimita 15, yana da wasu hannuwa kamar mafici da yake buɗewa a gaban ruwa mai gudu yana tace abinci. Shi wannan gudun ruwa yake so, kuma ruwan da aka tace tas yunwa zai bar shi da ita. Shi ma 'ya'yansa sai da ruwan gishiri. Ka ga dai dabbar ce ke nuna maka matatar da za ka saya.

In Allah Ya sa naka suka yaɗu har suka yi maka yawa, ka sayar ko ka kyautar, kada ka zuba su a kogi ko tafki. An riga an samu Neocaridina ya kafa kansa a wasu ruwayen Hawaii da Jamus bayan ya fita daga hannun masu kiwo, kuma baƙon da ya shiga ruwa fitar da shi ba abu ne mai sauƙi ba.

In sana'a kake nufi, ka fara da akwati ɗaya da launi ɗaya, don in ka gauraya launuka jikokinsu sukan koma launin ƙasa na asali, wanda ba ya kasuwa. Ka nemi masu sayen kifin ado a garinku ka ji ko za su karɓa tun kafin ka ƙara na biyu. Kuma ranar da za ka je kanti, ka rubuta abu huɗu a takarda: matatar soso, injin iska mai aiki da batir ko USB, makarin hana ruwa komowa, da ma'aunin zafi. In mai kanti ya ɗauko maka wani ƙaton inji ya ce ya fi ƙarfi, ka tambaye shi ko ɗan milimita biyu zai iya zama a bakinsa.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.